Alberobello: Gari mai jinkar dutse da labarin harajin da aka rataya masa

A kudu maso gabashin Italiya, cikin yankin Puglia, akwai wani ɗan gari da ake kira Alberobello. Mutanensa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba, kuma tsakaninsa da Bari, babban birnin yankin, bai kai kilomita 60 ba. Ba ya bakin teku, ba shi da wata fada ta a zo a gani. Abin da ke jawo masa baƙi daga ko'ina cikin duniya shi ne gidajen talakawansa na da: ɗakuna gajeru farare fat, kowanne da rufi mai tsini ruwan toka. Ɗaya sunansa trullo, da yawa kuma trulli. Bahaushen da ya ga hotonsu zai ce ai kago ne da jinka, sai dai wannan jinkar babu ciyawa a cikinta, babu kara, babu azara. Dutse ne bisa dutse tun daga ƙasa har ƙololuwa, kuma a ginin asali ba a sa kwaɓi a tsakani. Akwai irinsu sama da 1,500 a cikin garin, kusan 1,030 a unguwar Rione Monti, kusan 590 a Aia Piccola. A 1996 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

Duk ɗan rakiyar baƙi a garin labari ɗaya yake bayarwa. Wai hakiman garin Conversano, masu ƙasar a lokacin, ba sa son biyan harajin da masarautar Napoli ta ɗora wa duk wanda ya kafa sabon gari, sai suka hana manomansu gini da kwaɓi. Da an ji ƙishin-ƙishin masu binciken sarki na tafe, sai a zare dutse ɗaya daga ƙololuwa, rufi ya rufta, mai bincike ya iso ya tarar da tsibin duwatsu a daji. Yana juya baya a sake ɗorawa. Har ana cewa an yi haka sau ɗaya a tsakiyar ƙarni na 17, bayan mai sarautar Martina Franca, maƙwabcinsu kuma abokin gabarsu, ya kai ƙara.

Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma ya yi wa maginan rowa, don ya mai da fasahar da aka daɗe ana gogewa ta zama wata 'yar dabarar kauce wa haraji. A ganina tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ɗaya ita ce me ya sa mutanen wannan yanki suke gini haka. Ɗayar kuma, me ya sa a wuri ɗaya tak irin wannan gini ya taru ya zama gari sukutum. Haraji yana da abin cewa a ta biyu. Ta farko kuwa amsarta tana ƙarƙashin ƙafar manomi.

Alberobello yana kan tudun da ake kira Murge, kuma tudun gaba ɗaya dutsen farar ƙasa ne. Ƙasar noman da ke kansa siririya ce, garma ba ta nisa take karo da dutse. Manomin da ke son shuka inabi ko zaitun sai ya fara tsince duwatsu, ya farfasa, ya kwashe. To ina zai kai su? Ya yi katangar gona da su, ya yi wa dabba makwanci, ya yi wa kansa wurin fakewa. Dutsen kuma yana da wani hali mai taimako: a shimfiɗe yake hawa-hawa, yana tsagewa fale-fale ba tare da wahala mai yawa ba. Katako sai da kuɗi ko izinin mai ƙasa, farar ƙasar kwaɓi sai an gasa dutse da itace mai yawa, amma dutse kyauta ne, har neman kai ake yi da shi.

Sai ruwa. Irin wannan dutse yana shanye ruwan sama, ya zurara ta tsaga zuwa kogwannin ƙarƙashin ƙasa, irin na Castellana da ke kusa. Shi ya sa da wuya ka ga rafi mai gudana a kan tudun. Puglia ta daɗe da suna wajen ƙishi, kuma sai a 1915 ne babban bututun da ya ɗauko ruwa daga Caposele, can bayan tsaunuka, ya isa Bari. Kafin nan kowane gida da ruwan samansa ya dogara. Saboda haka magini yakan fara da haƙa ramin tara ruwa a ƙasan inda ɗakin zai tsaya ko a gefensa, dutsen da ya fito daga ramin shi ne farkon kayan aikinsa. Rufin ma da ruwa a zuciya aka tsara shi: ruwa ya gangaro daga tsini, ya bi indararon dutse da ke gefen rufi, ya faɗa ramin.

Ginin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne labarin zare dutse ɗaya yake warwarewa.

Bango biyu ake yi, na ciki da na waje, a cika tsakiyarsu da tsakuwa da ɓaraguzai. Kaurinsa yakan kai kusan mita 1, a manyan gine-gine ya haura mita 2. Tsofaffin na gona da yawa kewayayyu ne, amma na cikin gari mafi yawansu kusurwa huɗu gare su, don sun fi sauƙin jerawa da haɗawa. Matsalar farko ke nan: yaya za a ɗora rufi kewayayye a kan ɗaki mai kusurwa huɗu? Magini yakan cike kusurwoyin da duwatsu masu leƙowa ciki har bakin bangon ya zama da'ira. Daga nan sai ya fara ɗora zobe bisa zobe. Kowane zobe yana ɗan leƙowa ciki fiye da na ƙasansa, nauyin da ke kan wutsiyar dutsen yana danne shi kada ya kife. Da zarar zobe ya rufe, duwatsunsa sun matse juna, babu wanda zai faɗo ciki sai ya ture maƙwabtansa. Haka ake ta hawa, da'irar tana tsukewa, har a kai inda dutse ɗaya zai toshe bakin. Ba a kafa katakon tallafi a ƙasa, ba a jiran wani abu ya bushe.

Ma'anar wannan ita ce kowane zobe da ƙafarsa yake tsaye. Ka zare dutsen ƙololuwa, abin da za ka samu shi ne huda a rufi, ruwa ya zubo maka. Rufin ba zai rufta ba. Wanda ke son rushe trullo sai ya hau ya sauke shi zobe-zobe. Ya fi rushe gini mai kwaɓi sauƙi, kuma duwatsun ba sa lalacewa, ana iya sake aiki da su, amma tan-tan na dutse ne, ba aikin dare ɗaya ba ne ga gari guda.

Abin da mai kallo ke gani daga waje ma ba wannan ƙubbar ba ce. Riga ce ta biyu da ake yi mata da siraran fallayen dutse da suke kira chiancarelle, masu kaurin santimita 5 zuwa 7, ana jera su kowanne ya hau kan na ƙasansa, a ɗan karkace zuwa waje don ruwa ya sauka maimakon ya shiga. A nan ake gane gwani. Idan karkacewar ta yi kuskure kaɗan, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. Maginin da ya ƙware a wannan aiki sunansa mastro trullaro, kuma sana'a ce ta gado da koyo a bakin aiki.

Wannan hanyar rufi tana da iyaka. In ɗaki ya yi faɗi, dole tsinin ya yi tsawo, bango ya ƙara kauri, aiki ya ninka. Don haka maimakon a faɗaɗa ɗaki sai a ƙara wani a gefe, a huda bango a yi baka tsakaninsu. Kowane tsini ɗaki ɗaya ne, kuma daga hanya kana iya ƙirga tsinaye ka san girman gida. Babban ɗaki yana tsakiya. Gadaje suna cikin lunguna da aka fafe a jikin bango, labule ne ƙofarsu. Akwai murhu da bututun hayaƙi, akwai alkuki na ajiye fitila da tukwane, sau da yawa kuma akan yi ɗan daɓen katako a sama, cikin tsinin, wurin ajiyar hatsi ko kwanan yara. Taga ƙarama ce, wani lokaci hasken ƙofa kaɗai ake da shi. Ana shafe bango da farar ƙasa ciki da waje, don haske da tsabta.

Masu tallan yawon buɗe ido suna cewa trullo yana da sanyi lokacin zafi, yana da ɗumi lokacin hunturu. Rabin farko gaskiya ne, kaurin bango yana tare zafin rana. Rabi na biyu sai a yi hattara. Da sanyi ɗumin murhu sama yake hawa cikin tsini, dutse yana da wuyar ɗumama, numfashi da tururin girki suna taruwa su zama laima a bango. Gidan talaka ne, kuma waɗanda suka tashi a ciki sun san haka.

A saman kowane tsini akwai ɗan sassaƙaƙƙen dutse, wani ƙwallo, wani faifai, wani tauraro, wanda ake ɗauka alamar maginin ce ko ado kawai. Wasu rufunan kuma an zana musu alamomi da farar ƙasa: gicciye, zuciya da aka soke, rana, wata. An rubuta bayanai masu yawa a kan asirinsu, amma da dama daga cikin waɗanda aka fi ɗauka hoto a Rione Monti an zana su ne a 'yan shekarun baya, lokacin gyaran rufi. Haka batun asali. Dabarar zobe bisa zobe tsohuwa ce ƙwarai, ana ganinta a kaburburan Mycenae a Girka, da hasumiyoyin tsibirin Sardiniya, da bukkokin makiyaya a kudancin Faransa, da gidajen Harran a Turkiyya. Wannan bai sa trulli suka zama na zamanin da can ba. Ɗaya daga cikin mafi tsufa masu ɗauke da shekara yana Marziolla, a karkarar Locorotondo, an rubuta 1559 a jikinsa, mafi yawan waɗanda ke tsaye yau kuwa daga ƙarni na 18 zuwa farkon na 20 aka gina su. Duk inda mutum ya sami dutse mai tsagewa ya rasa katako, zai iya isa ga wannan dabara ba tare da ya gaje ta daga kowa ba.

Yanzu tambaya ta biyu. Trulli sun bazu ko'ina cikin kwarin Itria, yankin da Alberobello yake ciki, dubbai, ɗaiɗai a gonaki. Amma ka shiga tsakiyar Locorotondo ko Martina Franca ko Cisternino, gidaje ne na kwaɓi masu bene. Alberobello kaɗai ne inda ginin gona ya shigo ya zama unguwanni da tituna. A nan hannun hakimi ya fito fili.

Wurin a da kurmi ne, a hannun gidan Acquaviva, masu riƙe da Conversano. Gidan ya ƙara samun fada a wurin sarki bayan Giulio Antonio Acquaviva ya mutu a 1481 a yaƙin ƙwato garin Otranto daga hannun Turkawa. Zuriyarsa suka riƙa kawo manoma su sare kurmin su noma, suna ba mai ƙasa rabonsa daga amfanin gona. Wanda ya mai da wurin matsuguni na gaske shi ne Giangirolamo na II, wanda ake yi wa laƙabi da mai ido ɗaya na Puglia, mutum mai kaifin mulki da ya rasu a 1665. A zamaninsa aka gina injin niƙa, da gidan gashin burodi, da masauki, mutane suka ƙaru.

A masarautar Napoli, wadda a lokacin take ƙarƙashin Sifaniya, da murhu ake ƙirga haraji, wato gida-gida, kuma akwai doka cewa ba a kafa sabon gari sai da izinin sarki. Garin da aka amince da shi yana biyan sarki, amma kuma yana samun majalisarsa da haƙƙin kai ƙara. Ribar hakimi ita ce a ci gaba da kiran wurin kurmi, mazaunansa kuma 'yan aikin gona masu bukkoki. Ginin da ba shi da kwaɓi ya dace da wannan da'awa, don a takarda ba gida ba ne. Ga shi kuma yana da amfani na biyu wanda ɗan rakiya bai cika faɗa ba: mutumin da gidansa ba ya cikin lissafi yana da sauƙin kora. Manomin da ya yi gardama, a sauke masa rufi, ba shi da inda zai kai kuka, don a idon doka garinsa ma babu shi. Yadda ake ba da labarin yau sai ka ɗauka talakawa ne suka yi wa gwamnati wayo. Wayon na hakimi ne, talaka shi ya biya da zaman ɗar-ɗar na fiye da ƙarni guda.

Dokar hana kwaɓin ma ba kowa ta hau ba. Trullo Sovrano, wanda aka gina a ƙarni na 18 don iyalin wani limamin coci mai suna Cataldo Perta, yana da hawa biyu, da matakala a cikin bango, babban tsininsa ya kai mita 14, kuma an sa masa kwaɓi.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 mazauna wurin sun haura 3,500. A 1797 wasu mutum bakwai daga cikinsu suka je Taranto suka sami Sarki Ferdinando na IV, suka roƙi ya raba su da hakiman. Ranar 27 ga Mayu ya amince, Alberobello ya zama gari na sarki kai tsaye. Lokacin ya taimake su, don sojojin Faransa ƙarƙashin Napoleon suna arewacin Italiya, kuma sarkin da ke jin ƙasa na motsi ba ya ƙin ƙarin talakawa masu godiya. A shekarar nan wani mai suna Francesco D'Amore ya gina gida mai bene da kwaɓi a fili, daura da gidan hakiman, ya sa rubutu a ƙofa cewa da ikon sarki aka fara gina wannan. Gidan yana nan har yau. A 1806 aka soke tsarin hakiman gado a masarautar baki ɗaya.

Da haraji ne kaɗai dalili, da trullo ya mutu daga nan. Abin da ya faru akasin haka ne. Masu hali dai sun koma gidajen kwaɓi, sabon ɓangaren gari ya tashi da tituna miƙaƙƙu, da babban cocin Cosma da Damiano wanda ɗan garin, Antonio Curri, ya zana a 1885. Amma a karkara ƙarshen ƙarni na 19 shi ne lokacin da aka fi gina trulli. Wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya halaka gonakin Faransa, kasuwar giyar inabi ta buɗe wa Puglia, ƙananan manoma suka karɓi filaye haya ta dogon lokaci, suka farfasa dutse suka dasa inabi, suka zauna a gona. Ba wanda ya hana su kwaɓi. Sun gina trullo don shi ne mafi araha.

Juyin da ya biyo baya a idon mutane ya faru. Gidan da masu kuɗi ke gudu sai masana daga waje suka fara sha'awa. A 1910 gwamnati ta ayyana Rione Monti abin tarihi na ƙasa, a 1930 aka ƙara Aia Piccola. A 1927 aka gama cocin Sant'Antonio a saman Rione Monti, an yi masa rufi irin na trullo da gangan, alamar cewa siffar ta fara zama tutar gari. Ba duk tarihin wancan zamani ne ake nuna wa baƙi ba: daga 1940 zuwa 1943 gwamnatin Mussolini ta tsare Yahudawa da wasu mutane a wani gidan gona a bayan gari da ake kira Casa Rossa.

Kariyar ta hana rushewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da mutane suka yi ta ƙaura zuwa arewa da ƙasashen waje, trulli na karkara da yawa suka zama kufai. Amma unguwannin biyu sun rabu. Rione Monti ya zama kasuwa, ƙofa bayan ƙofa shagon tsaraba ne ko gidan abinci ko ɗakin haya, motocin baƙi su sauke mutane da hantsi su kwashe su kafin la'asar. Aia Piccola, a ƙetaren filin Largo Martellotta, ta fi shiru, har yanzu akwai iyalai a ciki, ko da yake ɗakunan haya suna ƙaruwa can ma. Garin ya ƙulla ƙawance da ƙauyen Shirakawa na Japan, wanda shi ma gidajensa na gargajiya suka jawo masa irin wannan arziki da irin wannan ciwon kai. A karkara kuwa tun shekarun 1990 Turawan Ingila da Jamus da attajiran arewacin Italiya suke sayen kufai, su gyara, su haƙa wurin ninƙaya a gefe.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne gyara. Rufin trullo ba ya zama har abada ba tare da hannu ba. Sanyi yana fasa fallayen, ciyayi suna kutsawa, kuma gyaran gaskiya shi ne a sauke rigar waje a sake jera ta da hannu, a maye waɗanda suka karye da dutse irinsu. Hanya mai sauƙi ita ce a cusa siminti a ƙasa, a jera fallayen da inji ya yanka a kai, daga nesa ba a ganewa. Sai dai siminti yana tsare laima a ciki, yana kuma hana duwatsun ɗan motsin da ke barin gini ya zauna ba tare da ya tsage ba. A 2018 UNESCO ta sa fasahar gini da dutse zalla cikin al'adun da ya kamata a adana, Italiya na cikin ƙasashe takwas da suka nema tare, amma takarda ba ta koyar da hannu, kuma maginan da suka iya aikin ba su da yawa, ladansu kuma ya yi tsada daidai da ƙarancinsu.

Mai trullo a cikin unguwannin da aka kare ba zai faɗaɗa taga ba, ba zai ƙara ɗaki ba, ba zai canza rufi ba sai da izinin hukumar adana kayan tarihi. Idan rufi ya fara yoyo, kuɗin gyara shi yadda doka ke so sun fi ƙarfin tsoho mai fansho, amma ba su fi ƙarfin wanda zai ba baƙi haya dare-dare ba. Magada da yawa wannan lissafin suke yi bayan iyaye sun rasu: su koma gidan bene a sabon gari, inda akwai haske da ɗumi da wurin ajiye mota, su sa wa tsohon gidan na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki na zamani, su ɗora shi a intanet.